Komawa Filin Ƙwallo a Lokacin Annoba: Ina Haɗarin Yake?

Ɗan'uwa mai karatu, in kana son ƙwallon ƙafa, ko kana da ɗa ko ƙane wanda ba ya yarda wasa ya wuce shi, wannan darasi naka ne. Idan ka gama, ka karanta wa wanda bai iya karatu ba. Za mu duba abin da ya faru sa'ad da aka rufe filayen ƙwallo saboda cutar korona, da abin da ya faru da aka sake buɗe su. Cutar ta lafa a wurare da yawa, amma ba ta tafi ba. Ban da ita kuma, akwai ƙyanda, da sanƙarau, da tarin fuka, da mura mai tsanani. Dukansu ta numfashi suke bi daga mutum zuwa mutum, dukansu kuma suna son taro. Abin da aka koya a filin ƙwallo zai yi maka amfani a filin kokowa, da gidan biki, da majami'a, da masallaci.

Me ya sa aka rufe filaye?

A ranar 19 ga Fabrairu 2020 ƙungiyar Atalanta ta garin Bergamo a ƙasar Italiya ta yi wasa da Valencia ta ƙasar Sifaniya. An yi wasan a birnin Milan. Mutanen Bergamo wajen 40,000 suka tafi kallo, wasu a jirgin ƙasa, wasu a manyan motoci, wasu a motocinsu. Ƙungiyarsu ta ci 4 da 1. Aka rungumi juna, aka yi ihu, aka cika gidajen abinci da na shaye-shaye har dare ya raba. A ranar ba wanda ya san cutar ta riga ta shiga yankin. Bayan 'yan makonni asibitocin Bergamo suka cika maƙil, har ta kai motocin soja ne suke kwashe akwatunan gawa zuwa wasu garuruwa. Likitocin garin sun ce wasan nan yana cikin abubuwan da suka hura wutar.

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta zama annobar duniya duka. A cikin watan nan ne aka sami masu cutar na farko a Kamaru da Nijar. Wasanni suka tsaya cik kusan ko'ina. Jamus ta koma wasa ranar 16 ga Mayu, Ingila kuma ranar 17 ga Yuni, amma ba ɗan kallo ko ɗaya a fili. Wanda ya kalli wasannin nan a talabijin zai tuna: kujeru wayam, kana jin muryar mai horarwa yana tsawa, gidajen talabijin kuma suna sa ihun da aka naɗa tun da, don kada wasan ya yi kama da zaman makoki.

Yadda cutar take tafiya

Ka tuna da sanyin safiya a lokacin hunturu. In mutum ya yi magana, za ka ga tururi yana fita daga bakinsa. Tururin nan yana fita kullum, ko da rani, ido ne kawai ba ya ganinsa. A cikinsa akwai ɗigon ruwa ƙanana ƙwarai daga huhu da maƙogwaro. Idan mutumin yana ɗauke da ƙwayar cuta, tana cikin ɗigon nan. Manyan ɗigo suna faɗuwa ƙasa kusa da shi. Ƙananan kuwa suna shawagi cikin iska, su daɗe.

Mai zaune shiru yana fitar da kaɗan. Mai magana yana fitar da fiye da haka. Mai waƙa da mai ihu su ne suka fi kowa. To, wa ya taɓa ganin ɗan kallon da aka ci masa ƙwallo ya yi shiru?

Yanzu ka duba hayaƙin itace. Idan uwargida ta hura wuta a tsakar gida, hayaƙin yana tashi ya watse, sai wanda ya tsuguna dab da murhu ne idonsa zai yi ruwa. Idan ta hura ta cikin ɗaki, ƙofa a rufe, kafin tuwo ya nuna kowa yana tari, har wanda ke can ƙurya. Numfashin mai cuta haka yake. Saboda haka duk inda ka shiga taro, abu uku za ka tambayi kanka. Yaya kusancina da mutane? Har yaushe zan zauna? Iska tana shiga tana fita kuwa? A cikin ukun nan, ta ƙarshe ce mutane suka fi mantawa, ita ce kuwa ta fi nauyi.

Akwai wani abu da ya sa korona ta yi wuyar tarewa. Mutum yana iya ba wani ita kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji wani ciwo. Wani ma har ya warke bai san ya yi ta ba. Saurayin da ke gefenka yana tsalle da ƙarfinsa, ba tari ba zazzaɓi, zai iya kasancewa shi ne mai ita. Ba mugunta ya yi maka ba. Shi ma bai sani ba.

Dokokin da aka kafa, da amfanin kowace

Da aka fara barin mutane su koma fili, da kaɗan kaɗan aka fara. A watan Disamba 2020 filin Arsenal a Landan, wanda ke ɗaukar mutum wajen 60,000, mutum 2,000 kawai aka bari suka shiga. Aka bar kujeru babu kowa tsakanin mutum da mutum. Aka ce kowa ya sa takunkumi, wato ƙyallen rufe baki da hanci. A wurare da yawa an ba kowa lokacin da zai iso da ƙofar da zai bi, don kada a taru a bakin ƙofa ɗaya.

Tazarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ita ce aƙalla mita ɗaya, wato kamar kamu biyu na babban mutum. Wasu ƙasashe suka ce mita biyu. Tazara tana kare ka daga manyan ɗigon da ke faɗuwa kusa. Takunkumi yana tare yawancin abin da ke fita daga bakinka, yana kuma rage abin da ke shiga. Amma sai ya rufe hanci da baki tare. Wanda aka saukar ƙarƙashin haɓa ado ne kawai. Na ƙyalle ya fi aiki in ya yi ninki uku, a wanke shi da sabulu kowace rana, a shanya a rana. In ya jiƙe da gumi ko yawu, a canja. Ba a sa wa yaro ɗan shekara biyar ko ƙasa da haka.

Mu zo kusa da gida. Gasar cin kofin Afirka an yi ta a Kamaru daga 9 ga Janairu zuwa 6 ga Fabrairu 2022, daidai lokacin da sabon nau'in cutar mai suna Omicron ke yaɗuwa da sauri. Hukumar ƙwallon Afirka da gwamnatin Kamaru suka ce ba mai shiga fili sai da takarda biyu: katin da ya nuna ya yi allurar rigakafi cikakkiya, da takardar gwajin da ya nuna ba shi da cutar. Gwajin nan mai sauri kada ya wuce awa 24, babban gwajin ɗakin bincike kuma kada ya wuce awa 72. Aka ce in Kamaru ce ke wasa, a cika kashi 80 cikin ɗari na kujeru, in wasu ƙasashe ne kuwa, kashi 60.

Me ya sa aka sa wa takardar gwaji wa'adi gajere haka? Domin gwaji labarin ranar da aka yi shi kaɗai yake bayarwa. Wanda aka gwada ran Litinin aka ce ba shi da ita, zai iya kamuwa ran Talata a cikin mota. Ko kuma tana jikinsa tun Lahadi, ba ta yi yawan da gwaji zai gan ta ba tukuna. Takardar ba laya ba ce. Wanda kuma ya sayi ta ƙarya a bakin hanya, mai tsaron ƙofa kaɗai ya ruɗa. Ƙwayar cuta ba ta iya karatu ba.

Ita allurar rigakafi, babban aikinta shi ne ta hana cutar ta kwantar da kai ko ta kashe ka. Wanda ya yi ta yana iya kamuwa, amma yawanci da sauƙi. Jiki yana bukatar kamar mako biyu bayan allura kafin ya shirya, don haka wanda ya yi ta a bakin fili ranar wasa bai sami kariyar ranar ba, ta gaba ya samu. Ba a fafe gora ranar tafiya. A lokacin annobar, wasu irin allurar sau biyu ake yi, kamar AstraZeneca da Sinopharm, ta Johnson & Johnson kuma sau ɗaya. Ka tambayi ma'aikacin lafiya wace aka yi maka, ka ajiye katinka inda gara ba za ta ci ba.

A lokacin gasar, waɗanda suka yi allurar a Kamaru ba su kai mutum goma cikin ɗari ba. Saboda haka a kwanakin farko filaye da yawa suka kasance rabi babu kowa. A Garwa kuwa, inda Najeriya ta yi wasanninta a filin Roumdé Adjia, an cika, domin mutane da yawa sun ƙetaro daga Yola da kewayenta. Najeriya ta ci Masar, ta ci Sudan, ta ci Gini Bisau. Ranar 23 ga Janairu Tunisiya ta fitar da ita da ci ɗaya mai ban haushi, alhali kuwa korona ta kama 'yan wasan Tunisiya da dama, har mai horar da su bai sami zama a bakin fili ba. Ka riƙe wannan a ranka: samari ne masu ƙarfi, da likitocinsu, ana gwada su a kai a kai, duk da haka ta shiga cikinsu. Ba a tsakiyar fili kaɗai suke haɗuwa ba. Tare suke cin abinci, mota ɗaya suke shiga, ɗaki ɗaya suke sauya kaya.

Ba kujerar fili ce ta fi haɗari ba

Wannan shi ne abin da muka fi so ka fahimta. Filin ƙwallo a buɗe yake, sama ce rufinsa. Kamar murhun tsakar gida yake. In an bar tazara, an sa takunkumi, zaman awa biyu a kan kujerar fili bai kai haɗarin abin da ke gabansa da abin da ke bayansa ba.

Ga misali daga gasar ƙasashen Turai ta 2021. Ranar 18 ga Yuni Ingila ta yi wasa da Sikotlan a filin Wembley na Landan. Filin yana ɗaukar mutum 90,000, amma kamar rubu'insa aka bari. Mutanen Sikotlan tikiti 2,600 aka ba su, sai dai dubbai sun tafi Landan ba tikiti, don kawai su kasance a wurin. Bayan haka hukumar lafiyar Sikotlan ta ƙirga mutum 1,991 masu korona waɗanda suka halarci wani taron da ya shafi gasar a kwanakin da za su iya yaɗa ta. A cikinsu 1,294 sun je Landan. Amma waɗanda suka shiga filin Wembley 397 ne. Sauran fa, ina suka kasance? A jirgin ƙasa na awoyi, a manyan motoci, a ɗakunan kwana, a gidajen da ake kallo a talabijin. A cikin fili akwai doka da masu tsaronta. A waɗannan wurare ba kowa.

Yanzu ka auna da namu. Za a yi wasa ko kokowa a babban gari. Kun shiga motar haya ku goma sha tara a wurin mutum goma sha huɗu. Hunturu ne, ƙura da sanyi, saboda haka an ɗaga gilasai duka. Awa huɗu kuna shaƙar numfashin juna. Kun isa, kun kwana ku takwas a ɗakin wani ɗan garinku. Da safe kuka sha fura a ludayi ɗaya. Sa'an nan a ƙofar fili aka ce ku ba da tazara, kuka bayar. Wace tazara ce ta rage?

Ba mu ce kada ka yi tafiya ba. Amma ka roƙi direba a sauke gilashi ko da faɗin tafin hannu ne, gaba ɗaya baya ɗaya, don iska ta ratsa. Ƙura ta fi sauƙin magani. Ka sa takunkuminka tun daga tasha, ba sai a ƙofar fili ba. In da hali, ka kwana a waje ko a rumfa. In tafiyar kusa ce, babur ya fi mota a rufe.

Gidan kallo

Yawancin masu karanta wannan ba su taɓa shiga babban fili ba, ba kuma lalle ne su shiga ba. Filinsu shi ne gidan kallon ƙwallo na bakin kasuwa. Ka san shi. Ɗaki ne na kwano ko na zana da leda, benci a jere, an toshe kowace kafa don kada hasken rana ya ɓata hoto, don kuma kada wanda bai biya ba ya leƙa. Labule mai kauri a ƙofa. Mutum sittin ko tamanin, gwiwa tana taɓa bayan na gaba, ana musu, ana ihu, minti casa'in da hutun rabin lokaci, wani lokaci wasa biyu a jere. A ganinmu, in akwai mai cuta guda a ciki, ɗakin nan ya fi filin Garwa haɗari nesa ba kusa ba. Duk abubuwa ukun nan sun haɗu a cikinsa: kusanci, daɗewa, da rashin iska.

In kai ne mai gidan kallo, gyaran ba shi da tsada. In wasan dare ne, ka fitar da talabijin waje, ka kewaye da zana, ka bar sama a buɗe. In na rana ne, ka buɗe kafa a sama kusa da rufi ta ɓangare biyu masu fuskantar juna. Iska mai zafi sama take tashi, za ta fita da kanta, wanda bai biya ba kuma ba zai ga komai ta can ba. Fanka a ɗakin da ke rufe ba ta kawo sabuwar iska, tsohuwar take juyawa. A hutun rabin lokaci ka fitar da kowa, ka ɗage labule. Ka aje buta da sabulu a ƙofa. A lokacin da ciwo ke yawo a gari, ka rage benci ɗaya cikin uku. Mun san kuɗi ne ka rage. Amma in aka ce a gidanka samari suka kwaso ciwo, iyaye za su hana 'ya'yansu zuwa, asarar kuma ta fi ta benci.

Tun da muna maganar iska, ga wani abu dabam wanda ba korona ba. Injin wuta a waje ake aje shi, nesa da ƙofa da taga. Cikin hayaƙinsa akwai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da barci, tana kuma kisa. In mutane da yawa a ɗaki ɗaya suka fara ciwon kai tare, a fita waje nan da nan, a kashe injin.

Ƙofa

Ranar 24 ga Janairu 2022 Kamaru ta yi wasa da Komoros a filin Olembe na birnin Yawunde, sabon fili mai ɗaukar mutum 60,000. Ita ma Komoros korona ta shiga cikinta, ba ta da mai tsaron gida ko ɗaya da zai iya wasa, sai wani ɗan baya mai suna Chaker Alhadhur ya sa safar hannu ya tsaya a raga. Kamaru ta ci 2 da 1. Amma ba wannan ake tunawa da ranar ba.

Saboda filaye ba sa cika, gwamnati ta riga ta rage lokacin aiki da na makaranta a ranakun wasa don mutane su je kallo. Jama'a suka yi dafifi. Ana duba tikiti, ana duba takardu, layi ba ya tafiya, lokacin wasa kuma yana matsowa. A ƙofar kudu mutane suka matsu. Na baya suna turowa, ba su san abin da ke faruwa a gaba ba. Mutum 8 suka mutu, har da mata da ƙaramin yaro, 38 suka ji rauni. Shugaban hukumar ƙwallon Afirka, Patrice Motsepe, ya ce akwai ƙofar da ya kamata ta kasance a buɗe amma aka rufe ta. Aka ɗauke wasan da ke biye daga filin zuwa filin Ahmadou Ahidjo.

Ka ga abin da ya faru. An ƙirga kujerun ciki, an bar kashi 20 babu kowa, amma a waje mutane suna kan juna. Duk dokar da za ta sa a tsayar da mutane a ƙofa, dole a ƙara mata ƙofofi, da ma'aikata, da lokaci. In kai dattijon majami'a ne, ko ɗan kwamitin masallaci, ko kana cikin masu shirya kokowa ko babban taro, wannan naka ne. Kada ka aje wurin wanke hannu a cikin ƙofa, ka ja shi gefe. Kada ka kulle ƙofa da kwaɗo alhali mutane suna ciki. Ka buɗe da wuri. A tashi kuma, a sallami mutane layi layi, tsofaffi da masu goyo da farko.

A turmutsitsi, yawanci ba tattakewa ce ke kisa ba. Matsi ne. Ƙirji ba ya samun wurin buɗewa, mutum ya kasa jan numfashi, ko da yana tsaye, cikin 'yan mintoci ya suma. In mutane sun wuce biyar a wuri mai kamu biyu tsawo kamu biyu faɗi, haɗari ya fara. Alamar da za ka gane ita ce wannan: ana taɓa ka ta kowane gefe, ba ka iya ɗaga hannu ka taɓa fuskarka, taron kuma yana kai ka inda ba ka yi niyya ba. Tun kafin a kai nan ka juya, ko da tikitinka zai tafi a banza.

In ka riga ka shiga ciki, ka ɗaga hannuwanka gaban ƙirji kamar ɗan dambe, don huhu ya sami wuri. Ka tsaya da ƙafafunka. Takalmi ko waya in sun faɗi, ka bar su, kada ka sunkuya. Kada ka yi kokawa da taron, kada ka ɓata numfashi wajen ihu. Ka bi shi kana zamewa gefe kaɗan kaɗan, ka nisanci bango da shinge da ƙarfen ƙofa. Yaro a ɗaga shi sama. In wani ya faɗi a gabanka, ku ɗaga shi da sauri, domin kansa ne na baya za su faɗo. Wanda aka fitar a sume yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa. Wanda ya tashi da ƙafarsa amma ƙirji yana ciwo, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi, a kawo shi asibiti a ranar.

Abin da za ka kai gida

Saurayi mai lafiya in ya kamu da korona, yawanci zazzaɓi ne da mura da ciwon jiki na 'yan kwanaki. Shi ya sa da yawa suke cewa ba komai ba ce. Amma ba shi kaɗai yake kwana a gidan ba. Akwai kaka wadda ta haura sittin. Akwai baba mai ciwon suga ko hawan jini. Akwai matar wa mai ciki. Akwai wanda ke shan maganin tarin fuka ko na cuta mai karya garkuwar jiki. Waɗannan su ne cutar ke kayarwa, ba kuwa su suka je kallo ba. In kana cikinsu, a lokacin da ciwo ke yawo ka ji wasan a rediyo, ko ka kalla a inda ke buɗe. Su ne kuma ya kamata a fara kai wa wurin allura.

Wanda ke tari ko zazzaɓi ranar wasa, ya zauna gida, ko wasan ƙarshe ne.

'Yar'uwa, ke da ɗanki ko mijinki ya dawo daga babban taro, ga abin da za ki yi. Ki ba shi ruwa da sabulu tun a ƙofar gida. Alamun korona sukan fito tsakanin kwana 2 da 14 bayan kamuwa, galibi a cikin makon farko. A makon nan ya gai da tsofaffi a tsakar gida, daga ɗan nesa, kada ya shiga ɗakinsu ya zauna hira. Wannan ba raini ba ne, ki bayyana musu dalili don kada su ji haushi. Ya riƙe kofinsa da cokalinsa. In ya fara tari, ko maƙogwaro na ciwo, ko ya daina jin ƙanshi da ɗanɗanon abinci, ya kwana shi kaɗai, taga a buɗe, mutum ɗaya ya riƙa kai masa abinci da takunkumi. Ya sha ruwa da yawa. Farasitamol yana sauke zazzaɓi. Kafso da allurar da ake saya a tebur ba sa kashe ƙwayar korona, kada ku zubar da kuɗinku.

Kada kuma ku ɗauka kowane zazzaɓi korona ne. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa, gwajinsa kuma na 'yan mintoci ne, a yi shi tun ranar farko ko ta biyu. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama da gumin dare, a kawo majina a duba tarin fuka. Zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, ba a kwana da shi a gida.

Ku kawo marar lafiya asibiti ba jira, ko da tsakar dare ne, in numfashi yana yi masa wuya ko yana haki alhali yana zaune, in ba ya iya gama magana sai ya tsaya ya ja numfashi, in ƙirji yana ciwo ko ya yi nauyi, in ya rikice ko ana tashinsa ba ya farkawa sosai, ko in ya kasa shan ruwa. Tsoho kuwa wani lokaci ba ya zazzaɓi mai zafi, sai dai ka ga ya daina ci, ya yi laushi, yana ta barci. Shi ma a kawo shi.

A hanya ku sa masa takunkumi in yana iya jurewa, ku ma ku sa, gilashin mota a sauke. In kun iso, tun a bakin ƙofa ku gaya wa ma'aikacin da ya tarbe ku cewa tari ne da wahalar numfashi, ku faɗi taron da aka je da ranar da aka je, da ko akwai wani a gida ko cikin abokan tafiya mai irin ciwon. Za a zaunar da ku a gefe inda iska ke ratsawa, ba cikin layin masu awon ciki da jarirai ba. Ku zo da katin allura, da duk magungunan da yake sha, a cikin kwalayensu.